Ku Tambaya a Ba Ku Amsa: Sirdin Keke, Gwiwa da Mazaunai

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk a kan keke ne, kuma yawancinsu daga Zariya da kewaye. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Palladan, kullum da keke nake zuwa aiki Sabon Gari in dawo. Kekena Phoenix ne irin na da, mai birkin ƙarfe. Wata uku ke nan gaban gwiwoyina na ciwo, musamman in na taka tudu. Na sa mai gyara ya sauke mini sirdi har ƙasa don ƙafafuna su riƙa taɓa ƙasa in na tsaya, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Shekarata 43. Ko girma ne ya fara sallama?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Girma bai iso ba tukuna. Sauke sirdin nan da aka yi shi ne ya ƙara wa wutar fetur.

Ƙoƙon gwiwa yana zaune ne a kan ƙashin cinya, kuma iya lanƙwasar gwiwa a lokacin da take ɗauke da nauyi, iya matsuwar da yake yi a kan ƙashin. Mai sirdi a ƙasa da kima tamkar mai tafiya a tsugune ne: ƙafar ba ta taɓa miƙewa, cinya na aiki ba hutu. In kana juya feda sau 60 a minti ɗaya, tafiyar rabin awa juyi 1,800 ke nan a kowace ƙafa, zuwa kawai ban da dawowa. Ko gwiwar ɗan shekara 20 ce za ta yi ƙorafi.

Ga yadda za ka gano tsayin da ya dace da kai ba tare da ka sayi komai ba. Ka jingina keken kusa da bango ko wani ya riƙe maka shi tsaye. Ka hau ka zauna daidai, da takalmin da ka saba hawa da shi. Ka juya feda ɗaya ta sauka can ƙasa, hannun fedar ya yi layi ɗaya da bututun da sandar sirdi ke shiga, sai ka ɗora dunduniyarka a kanta. A tsayin da ya dace, ƙafar za ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba. In da sauran lanƙwasa a gwiwa, sirdin ya yi ƙasa. In dunduniyar ba ta kai ba sai ka gantsara gefe, ya yi sama. Amma fa dunduniya ta awo ce kawai. A wajen tafiya, da tudun tafin ƙafa ake taka feda, wato wajen gindin babban yatsa, kuma da zarar ka koma can za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan ko da feda na ƙasa. Wannan 'yar lanƙwasar ake nema. Masu awo da ma'auni suna sa ta tsakanin digiri 25 zuwa 35.

Ga mai son lissafi kuma, kai ma malami ne, akwai hanya ta biyu. Ka tsaya ba takalmi, baya a jikin bango, ka matsa littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka har sama kamar kana zaune a kan sirdi. Wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin da tef ɗin tela. Abin da ya fito ka ninka shi da 1.09. In ka samu santimita 80, amsar ita ce 87.2, in 76 ne, 82.8, in 84 ne, 91.6. Wannan shi ne nisan da zai kasance daga saman feda tana can ƙasa zuwa saman sirdi, a bi layin bututun. Akwai wani lissafin da ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci tseren keke na Tour de France a 1986 da 1989 da 1990, inda ake ninkawa da 0.883 a auna daga tsakiyar inda hannuwan feda ke juyawa. Ga irin kekenka mun fi son na farkon, domin hannun fedar manyan kekunan da yakan ɗan fi na kekunan tsere tsawo, lissafin 1.09 kuwa ya riga ya haɗa da tsawon hannun.

Notin da ke matse sandar yana bayan firam, daidai inda take shiga. A yawancin irin waɗannan kekuna sifana mai lamba 13 ke kama shi. Ka sassauta, ka murza sirdin hagu da dama kana ja sama. Kafin ka ɗaure, ka tsaya ta baya ka duba hancin sirdin ya kalli wuyan keke sosai. Kada ka ɗaga gaba ɗaya rana ɗaya in tazarar na da yawa. Jijiyoyin sun saba da gajeren taki, don haka ka ƙara santimita ɗaya zuwa biyu, ka hau kwana uku ko huɗu, ka sake ƙarawa. In ka kusa kaiwa, sai ka koma gyaran milimita 3 zuwa 5. Alamar ka zarce ita ce ƙugu ya riƙa rausaya hagu da dama, ko ka ji kana miƙa yatsu don ka kamo feda, ko ciwo ya koma bayan gwiwa ko agara. In haka ta faru ka sauke rabin santimita. Ranar da ka dace, ka ɗaura ɗan salatif a jikin sandar daidai bakin bututu, don in yara sun ara sun sauke ka san inda za ka mayar.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: a jikin sandar akwai layi da aka zana, alamar iyakar ɗagawa. Kada layin ya fito waje. In ya goge, ka tabbata aƙalla santimita 8 zuwa 10 na sandar na cikin bututu. Ƙasa da haka, ko dai sandar ta lanƙwashe ko bakin firam ya tsage, kuma ba ya zaɓar wurin yi sai tsakiyar titi. In sandar ta yi maka gajere, doguwa za ka saya.

Saura maganar taɓa ƙasa. A tsayin da ya dace, kan yatsunka ne kawai za su taɓa ƙasa kana zaune, wani lokacin ma sai ka ɗan karkata keken. Haka abin yake, ba kuskure ba ne. In za ka tsaya, ka ja birki, ka zame gaba daga kan sirdi, ka sa ƙafa ɗaya ƙasa. In za ka tashi, ka ɗago feda ɗaya sama ta gaba, ka taka ta da nauyinka, ita ce za ta ɗaga ka ta mayar kan sirdi. Kwana biyu za ka saba, ko a cunkoson Kwangila. In kuwa bayan mako uku da gyara ciwon na nan, ko gwiwar na kumbura, ko tana maƙalewa, wannan ya fi ƙarfin sifana, sai asibiti.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Samaru. Na sayi keken gwanjo mai giya, amma sirdinsa siriri ne kamar wuƙa. Na sa an lafta masa soso an ɗinke da leda, duk da haka in na kai PZ sai in ji mazaunaina kamar an zuba barkono. Wane soso ne ya fi?

AMSA: Ɗan'uwa, ka bar jaki kana dukan taiki. Ba taurin sirdi ne matsalar ba, wurin da nauyinka ke sauka ne.

A ƙarƙashin mazaunai akwai ƙasusuwa biyu, waɗanda kake jin suna tokare ka in ka daɗe a kan bencin aji. Su aka halitta don zama. Sirdi mai kyau shi ne wanda waɗannan biyun suka sauka a kan faffaɗan bayansa. In ka cika soso, sai ƙasusuwan su nutse, soson da ke tsakiya ya taso ya danne naman da ke tsakanin cinyoyi, wanda ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Minti goma na farko za ka ji daɗi, daga nan sai raɗaɗi. Ga kuma faɗin da soson ya ƙara a hanci yana gogar cinya, ga leda na tara gumi. A zafin Maris da Afrilu wannan haɗin shi ke kawo saɓulewar fata da maruru.

Ka auna ƙasusuwan. Ka sami kwalin katon mai kauri, ka ɗora a kan matakala ko benci mai tauri, ka zauna da wando mara kauri, ka ɗan sunkuya gaba kamar kana riƙe da kan keke, ka ɗaga ƙafafu na ɗan lokaci. In ka tashi za ka ga ramuka biyu. In ba su fito sosai ba ka goga alli a kwance. Ka auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Yawancin manya sukan faɗa tsakanin santimita 10 zuwa 15, kuma na mata galibi ya fi na maza faɗi. Ka ƙara kamar santimita 2 a kan abin da ka samu, shi ne faɗin bayan sirdin da za ka nema in kana hawa a ɗan sunkuye. Mai zama a miƙe sambal, irin zaman Raleigh, yana bukatar fiye da haka, shi ya sa sirdin waɗancan kekuna yake da faɗi da sifirin biyu a baya. Ka je Kasuwar Sabon Gari da tef ɗinka a aljihu, ka auna kafin ka biya. Ka danna da babban yatsa: wanda ya ɗan lotsa ya dawo shi ne, ba wanda yatsa ya nutse har ƙasa ba.

Wando ma na da nasa laifin. Jins mai kaurin ɗinki a tsakiya kamar zama ne a kan igiya. Sannan in sabon hawa ne kai, ɗan tsamin ƙasusuwan nan na makon farko ko na biyu ba komai ba ne, zai wuce. Wanda ba a jurewa shi ne raɗaɗin fata da mutuwar wuri.

TAMBAYA: A sakaya sunana. In na yi doguwar tafiya a keke, sai in ji gabana ya mutu kamar ba a jikina yake ba, sai na sauka da ɗan jimawa yake dawowa. Magidanci ne ni, hankalina ya tashi. Daga Tudun Wada.

AMSA: Ka kyauta da ka tambaya, domin da yawa na fama da shi suna jin nauyin faɗa. Jijiyoyin ji da na jini masu zuwa gaba suna bi ne ta matsematsi, daidai inda hancin sirdi yake. In aka danne su na tsawon lokaci sai wurin ya sage, kamar yadda ƙafa ke yi in an daɗe a zaune a kanta. Ba abin da za a saba da shi ba ne. Saƙo ne cewa nauyi na sauka inda bai kamata ba.

Fara da kwanciyar sirdin. Ka tsayar da keken a daɓe mai daidai, ka ɗora katako ko littafi mai tauri daga bayan sirdi zuwa hanci, ka ɗora ma'aunin magina mai ruwa a ciki a kai. Wayoyi da yawa ma suna da irin wannan ma'auni. Ana son ya kwanta daidai. Sau da yawa za ka tarar hancin ya ɗaga, domin maɗaurin da ke ƙarƙashin sirdi yana da haƙora, in notin ya saki sai nauyin mutum ya danne baya. Ka sassauta notin gefe har haƙoran su saki juna, ka daidaita, ka ɗaure tam. In haƙoran sun cinye, duk ɗaurin da ka yi zai koma. Maɗaurin za ka canja, ba shi da tsada. Kana iya sunkuyar da hancin digiri ɗaya ko biyu, amma kada ka wuce haka, don in ya sunkuya da yawa za ka riƙa zamewa gaba kana tokarewa da hannu, ƙarshe ka koma zama a kan siririn hancin da kake gudu.

Bayan haka ka duba ko sirdin ya yi sama da yawa, ko kan keken ya yi nisa har kana miƙewa gaba. Duka biyun suna mirgina ƙugu su ɗora shi a kan hanci. Sirdi mai tsagi ko rami a tsakiya yana taimaka wa mutane da dama. A hanya kuma, duk minti goma zuwa sha biyar ka miƙe a kan feda na ɗan lokaci jini ya zagaya, haka in za ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu. In mutuwar ta kwana, ko ka ga canji wajen fitsari ko wajen iyali, ka ajiye keken ka ga likita, kada ka tsaya wajen masu tallan magani da lasifika.

TAMBAYA: Ƙaramin yatsana da na kusa da shi suna yin minjirya, ƙeyata kuma na riƙewa. Keken hawan dutse ne mai miƙaƙƙen kai. Daga Kongo.

AMSA: Waɗannan yatsu biyu jijiya ɗaya ke ba su ji, tana bi ta gefen tafin hannu, inda kake jingina nauyinka a kan robar riƙo. Kafin ka taɓa kan keken, ka gama da sirdi: tsayi, sannan kwanciya, sannan gaba ko baya. Wanda ya fara da kai sai ya yi aikin sau biyu.

Sirdi na zamewa gaba da baya a kan ƙarafa biyun da ke ƙarƙashinsa. Ka zauna, ka sa fedoji su yi daidai da juna, ɗaya gaba ɗaya baya. Ka ɗaura noti a zare, ka riƙe zaren a ƙasan ƙoƙon gwiwar ƙafar gaba ka sake shi. In ya sauka a tsakiyar feda ko kusa, ka fara daga nan. Mutane sukan tura sirdi gaba don su kusanci kai, alhali hakan ƙara wa hannu nauyi yake yi. Gwajin shi ne, kana tafiya a fili inda ba mota, ka sassauta riƙo ba tare da ka saki ba. In ka ji za ka kife gaba, ka mayar da sirdin baya rabin santimita. Ka tuna mayar da shi baya na ƙara nisansa da feda, don haka ka sake duba tsayi.

Sai kan keken. In wuyan irin mai ƙusa ɗaya ce a sama, ka kwance ta zagaye biyu ko uku da alanki mai lamba 6, ka ɗan buga kanta da guduma ta kan katako don abin da ke riƙe da ita a ciki ya saki, sannan ka ɗaga. Shi ma yana da layin iyaka. In irin mai ƙusoshi biyu ne a gefe, ba ya jawuwa sama. Sai dai a dawo da zobban da ke samansa ƙasa, ko a kifa wuyan ya kalli sama, ko a sayi gajere. Don zirga-zirgar gari, kai ya zo daidai da sirdi ko ya ɗan fi shi. Hannuwan birki su sunkuya su yi layi da damtsenka, don kada wuyan hannu ya karye baya. Gwiwar hannu kuma a bar ta da 'yar lanƙwasa. In ka sandare ta, duk ramin da tayar gaba ta faɗa a ƙeyarka zai ƙare.

Masu birkin ƙarfe, ku lura: in kun ɗaga kai sai kun sassauta notocin sandunan birki kun sake saita su, in ba haka ba birkin zai kama taya ko ya ƙi ɗaguwa.

TAMBAYA: Ni daga wajen Bomo nake kawo kaya gari, wata rana buhun masara, wata rana jarkoki huɗu. In na ɗaga sirdi kamar yadda ake cewa, ai faɗuwa zan yi.

AMSA: Da gaskiyarka, Baba. Jarka mai lita 25 in an cika ta da ruwa kilo 25 ce, huɗu kilo 100 ke nan a kan kariya, kuma in irin wannan kaya ya fara rinjaya, kan yatsa ba ya tare shi. Ka nemo tsayinka da dunduniya, sannan ka sauke santimita ɗaya zuwa biyu. Iyakarsa ke nan. In ka kai shi ƙasa gaba ɗaya ka rasa ƙarfin taki a lokacin da ka fi bukatarsa. Ka rataya kayan su sauko gefe da gefe, nauyi daidai, maimakon tula su sama, kuma mafi nauyi ya matso kusa da sirdi, kada ya wuce tsakiyar tayar baya, in ba haka ba gaban keken zai yi sauƙi ya riƙa rawa. Tayar baya ta sha iska sosai, gwargwadon adadin da ke rubuce a gefenta. A tudu mai tsanani kuwa, sauka ka tura. Gwiwa ta fi minti biyar tsada.

TAMBAYA: Na saya wa ɗana mai shekara 9 babban keke don ya girma da shi. Yanzu ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya yake zura ƙafa yana tuƙawa. Uwa ce daga Kofar Doka.

AMSA: Hajiya, keke ba riga ba ce da za a naɗe hannu. Ki sa shi ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa, tafukansa biyu a ƙasa. In babu sararin aƙalla yatsu biyu ko uku tsakaninsa da ƙarfen, keken ya fi ƙarfinsa. Ki duba kuma ko yatsunsa na kai wa birki su matse shi. Yaro mai wannan shekaru galibi taya mai inci 20 ko 24 ce tasa, ba 28 ba. A ajiye babban ko a musanya. Ga mai koyo, a bar sirdi ƙasa yadda ƙafa za ta taka ƙasa sosai, in hannunsa ya faɗa a riƙa ɗagawa, kuma a duba duk bayan 'yan watanni don yara ba sa jira.

TAMBAYA: Na so in ɗaga sirdi na tarar sandar ta kafe, ko motsi. Na wani abokina kuma kullum zamewa take yi ƙasa. Daga Wusasa.

AMSA: Taka ruwan damina ne ya bi ta bakin bututu ya yi tsatsa, abin ya fi muni in sandar alminiyam ce a cikin firam na ƙarfe, don su biyun sukan manne. Ka cire notin gaba ɗaya, ka ɗiga man kwance tsatsa ko kananzir a zagayen bakin, safe da yamma, kwana biyu ko uku. Sannan ka kama sirdin da hannu biyu ka murɗa, ka fi ba murɗawa ƙarfi a kan ja. In ta ƙi, a cire sirdin, a kifa keken, a matse kan sandar a bais ɗin makaniki, mutum biyu su juya firam ɗin kansa. Kada ka buga ta ƙasa da guduma, ƙara shigewa za ta yi. In ta fito, ka goge ta da cikin bututun da samfefa mai laushi, ka shafa giris kaɗan, ka riƙa maimaitawa sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka.

Ta abokinka kuwa, mai yiwuwa ba girmanta ba ne. Sandunan kala-kala ne: yawancin manyan kekunan da milimita 25.4 ne, na gwanjo kuma za ka ga 27.2 ko 30.9 ko 31.6, kuma lambar na buge a ƙasan sandar. Bambancin da ido ba ya gani ya isa ya sa ta zamewa. Ya duba tsagin da ke bayan bututun: in leɓɓansa sun haɗe bayan an ɗaure, sandar ta yi siriri, ƙarin ɗauri ba abin da zai yi sai cinye zaren noti ko tsaga kunnuwan firam. Yankin gwangwanin lemo da masu gyara ke naɗawa zai kai shi gida, amma ya tafi da tsohuwar sandar da keken kansa wajen mai kaya a gwada wadda ta shiga da ɗan matsi tun kafin a ɗaure noti.